Ƙullutun Wuya Mara Zafi: Kada a Jira



Dajin baki da maƙogwaro daga ƙwayar halitta ɗaya yake farawa, wadda tsarinta na gado ya lalace. Sai ta rabu biyu, biyu su koma huɗu, haka dai. Kafin ƙullutun ya kai girman gyaɗa, ƙwayoyin sun kusa biliyan 1. Wani dajin saurin girma gare shi, wani a hankali, kuma gwajin asibiti kaɗai ke bambancewa.

Ƙullutu mai tauri a wuya, dishewar murya, ko gyambon baki, in ya wuce mako 3, kada a yi sakiya, kada a tsaya ga sassaƙe. Ku fara da Babban Asibitin Zuru, in ta kama a wuce asibitin koyarwa na Sakkwato.

Neman magani sunna ne. Allah Ya ba mu lafiya.