Yadda A Ke Bin Sawun Sojan Jamus Ta Takardun Lambobinsa

Duk wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin lambobin girma da Ingilishi suka ba sojojinmu bayan yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916, ya san in ya dubi bakinta zai tarar an buga sunan mai ita da ƙungiyar da ya yi aiki a cikinta. Na Jamusawa ba haka su ke ba. Shahararriyar lambarsu ta jaruntaka, wadda su ke kira Gicciyen Ƙarfe, ba suna ko kaɗan a jikinta. Sarkin Furusiya ne ya ƙago ta cikin 1813, aka sabunta ta cikin 1870, da 1914, da kuma 1939. A yaƙin Hitila kaɗai an raba fiye da miliyan biyu. Saboda haka lambar nan bebiya ce. Mai magana ita ce 'yar takardar shaidar da a ke bayarwa tare da ita, kuma da irin takardun nan ne jikokin sojojin da masu binciken tarihi su ke gane inda mutum ya bi.

Takardar ba ta cika tafin hannu biyu ba, maganarta kuma kaɗan ce: muƙamin sojan da sunansa, ƙungiyarsa, irin lambar, ranar da aka ba shi, sa'an nan hatimi da sa hannun hafsan da ya bayar. Wurin da ya kamata a rubuta sunan gari kuwa, galibi sai a sa "a fagen fama" kurum, don kada abokan gaba su tsinci labari. To, ta yaya za a gane wurin? Ta sunan ƙungiya.

Bari mu ƙaddara an miƙo mana takardun wani dakare, ta farkonsu ta watan Yuni 1940, an rubuta a ƙarƙashin sunansa "5./Inf.Rgt. 194". Ma'anarta kamfani na 5 na rajimanti ta 194 ta sojan ƙasa. A tsarin Jamusawa na lokacin, kamfani na 1 zuwa na 4 su ne bataliya ta farko, na 5 zuwa na 8 ta biyu, na 9 zuwa na 12 ta uku, na 13 masu ƙananan igwa ne, na 14 kuwa masu harbin tanka. Ke nan mun san mutuminmu na bataliya ta biyu ne. Rajimantin nan kuma, tare da ta 191 da ta 211, su ne suka haɗu suka zama runduna ta 71, wadda aka tara a wajen garin Hildesheim cikin 1939. Da ya ke tafiye-tafiyen kowace runduna a rubuce su ke cikin littattafai, musamman na wani masani Georg Tessin, sai mu duba mu ga runduna ta 71 ita ce ta ci Verdun ta ƙasar Faransa a tsakiyar watan Yuni 1940. Daga ɗan layi guda mun sami ƙasa, mun sami gari.

Kowace lamba kuma tana da sharaɗinta, sanin sharaɗin nan shi ne rabin aikin. Akwai lambar farmaki ta dakaru, wadda aka ƙago a watan Disamba 1939. Ba a ba da ita sai ga wanda ya shiga farmaki uku a ranaku uku daban daban. In muka ga takardarta ɗauke da kwanan wata na kakar 1941, mun san bai zauna a ɗakin ajiya ko wurin girki ba, yana cikin waɗanda suka tafi da ƙafa daga iyakar Rasha har Kiev. Lambar rauni ita ma hawa uku ce: baƙa ga wanda aka yi wa rauni sau ɗaya ko biyu, ta azurfa ga sau uku ko huɗu, ta zinariya ga sau biyar ko fiye, sai dai in raunin ya yi tsanani ƙwarai, kamar a rasa hannu ko ido, a kan tsallake da mutum hawa. A ganinmu takardar rauni ta fi sauran amfani, gama sau da yawa tana faɗin ainihin ranar da aka ji masa ciwon, in kuwa babban likitan asibiti ne ya sa hannu, har garin da ya yi jinya za a sani.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, rashin takarda ma labari ne. A watan Mayu 1942 aka ƙago wata lamba don waɗanda suka yi hunturun Rasha, daga 15 ga Nuwamba 1941 zuwa 15 ga Afrilu 1942. Sojojin da kansu suka laƙaba mata suna "lambar daskararren nama", saboda yawan waɗanda sanyi ya cinye wa yatsu. Mai gaggawa in bai ga takardarta cikin na mutuminmu ba, sai ya ce ta ɓace, ko kuwa ya ce ashe bai je Rasha ba. Alhali kuwa an janye runduna ta 71 a kakar 1941 aka mai da ita Beljiyam da Faransa, ba ta komo gabas ba sai bazarar 1942. Rashin lambar ya dace da tarihin rundunar sarai.

Amma fa a yi hattara, don alƙali ba ya yanke hukunci da shaida guda. Ranar da ke kan takarda ba ita ce ranar aikin ba, wani lokaci a kan yi makonni ko watanni tsakaninsu. Wanda ya warke daga asibiti kuwa ba lalle ne a mai da shi ƙungiyarsa ta dā ba. Har wa yau akwai takardun jabu, tun da an sami masu sayen irin kayan nan da kuɗi mai yawa. Ana kama maƙaryacin ta ƙananan abubuwa. A watan Oktoba 1942 ne aka sāke wa rajimantocin dakaru suna aka koma kiransu "Grenadier", saboda haka takardar 1941 mai wannan suna abar tuhuma ce. Haka kuma Janar von Hartmann bai karɓi runduna ta 71 ba sai 1941, ba yadda za a yi ya sa hannu a matsayin shugabanta cikin 1940. Mai bincike na kirki ya kan gwada takardun da ɗan littafin albashi da kowane soja ke ɗauke da shi a aljihu, wanda su ke kira Soldbuch, inda a ke rubuta lambobi da hutu da kwanciyar asibiti.

Akwai kuma abin da takardun ba su faɗa ko kaɗan. Hukuma ce ta rubuta su don yabo, ba don lissafin aikin mutum ba. A cikin watan nan na Yuni 1940, waɗansu ƙungiyoyin sojan Jamus suka karkashe baƙaƙen sojojin Faransa, 'yan Afirka ta Yamma, bayan sun kama su, kamar yadda aka yi a ƙauyen Chasselay kusa da Lyon. A Rasha kuwa an ƙone ƙauyuka ba iyaka. Ba takardar lamba guda da za ta nuna wanda ya yi ko wanda bai yi ba. Iyakarta ta kai mu wurin da ranar, sauran sai a nema cikin rahotannin yau da kullum na rundunar, da takardun shari'a, da shaidar mutanen wurin.

To, mu ce takardar ƙarshe ta mutuminmu ta watan Satumba 1942 ce, daga nan shiru. A watan nan runduna ta 71 ta kutsa tsakiyar Stalingrad har ta kai bakin kogin Volga. Aka kewaye su a watan Nuwamba, Janar von Hartmann ya mutu a watan Janairu 1943, rundunar ta ƙare a ƙarshen watan. Daga baya aka ɗaga wata sabuwa da lambar nan ta 71, ta yi yaƙi a Italiya wajen Cassino cikin 1944. In da za a sami takardarsa ta 1944, da sai mu ce mai yiwuwa rauni ko hutu ya fid da shi kafin ƙofa ta rufe. Da ya ke babu, sai a rubuta wa ma'ajin takardun gwamnatin Jamus a Balin, wanda tun 2019 ya karɓi katunan ofishin da aka buɗe cikin 1939 don lissafin matattu da masu rauni da kamammu. Ba kullum a ke dacewa ba, gama takardun soja masu yawa sun ƙone a Potsdam a watan Afrilu 1945, kuma a makonnin ƙarshe na Stalingrad ba wanda ke da sukunin aiko da rahoto. An kama wajen mutum 91,000 a can, waɗanda suka komo gida ba su wuce wajen 6,000 ba, na ƙarshensu sai cikin 1955 da 1956.