Akwatin sarrafa lantarki: yadda ƙarancin wuta ya raya wata masana'anta a maƙwabtan Agege

Duk masana'antar da ke aiki da manyan injuna tana da wani ɗaki da ba kowa ake bari ya shiga ba. A cikinsa akwai dogayen akwatunan ƙarfe jere da bango, da ƙananan fitilu ja da kore da rawaya a ƙofofinsu. Su ne akwatunan sarrafa lantarki, waɗanda masu sana'ar ke kira fanel. Ta cikinsu wuta ke shigowa, a raba ta ga kowane inji gwargwadon buƙatarsa, a kuma katse ta nan take idan wani abu ya ɓaci. Injin niƙa, famfon ruwan birni, ɗakin sanyi na ajiye kifi, na'urar hawa bene, babu wanda ke motsi sai da izinin wannan akwati.

A Legas, ɗaya daga cikin wuraren da wannan sana'a ta yi jijiya shi ne yankin masana'antu na Ogba da Ikeja, wanda ke iyaka da Agege. Ita Agege tsohuwar matattarar Hausawa ce. Cinikin goro da na shanu ne ya kafa zangonta, layin dogo da ya taso daga Legas ya isa Kano a 1912 kuma ya ƙara mata jama'a. Daga ƙarshen shekarun 1950, gwamnatin Jihar Yamma ta keɓe fili a Ikeja domin masana'antu, kamfanoni suka yi ta shigowa. Cikinsu har da Kabelmetal mai yin wayoyin lantarki, wanda ya fara a shekarun 1960. Garin fatake ya wayi gari da maƙwabta masu bututun hayaƙi.

A wancan zamani, yawancin akwatunan sarrafa wuta a shirye suke zuwa daga Turai tare da injunan da za su yi wa aiki. Abin da ya sauya lamarin shi ne halin da wutar gwamnati ta shiga. An kafa NEPA a 1972, aka mai da ita PHCN bayan dokar gyaran fannin lantarki ta 2005, sannan aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, inda Agege da Ogba suka faɗa hannun Ikeja Electric. Sunaye sun yi ta canzawa, amma wutar da ake rabawa a faɗin ƙasar takan tsaya a wajajen megawat 4,000 zuwa 5,000, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Saboda haka mai masana'anta ya koma dogaro da janareta. Wanda kuwa ke da hanyoyin wuta biyu, dole ya nemi abin da zai hana su haɗuwa.

Nan ne aikin akwatin canjin wuta ya taso. Idan wutar gwamnati ta ɗauke, shi ne zai lura, ya tayar da janareta, ya jira ƙarfinsa ya daidaita, sannan ya mai da nauyin ginin kansa. Idan ta dawo, ya mayar. Wannan aiki bai yarda da kuskure ba: janaretan da aka haɗa ba tare da makarin da ya dace ba yana iya tura wuta baya zuwa layin titi, ta sami ma'aikacin da ke kan turke yana zaton layin a mace yake. A manyan wurare masu janareta uku ko huɗu, ana buƙatar wani akwatin da zai daidaita bugunsu duka a kan zagaye 50 a daƙiƙa kafin a haɗa su. Irin waɗannan buƙatu sun bambanta daga gini zuwa gini, don haka yin su a gida, kusa da mai saye, ya fi jiran jirgin ruwa sauƙi.

Kamfanin Mikano International misali ne na yadda wannan buƙata ta gina kamfani. Mofid Karameh, ɗan kasuwa ɗan asalin Lebanon, ya kafa shi a Legas a 1993, da sayar da janareta da gyaransu. Daga nan ya shiga haɗa su a masana'antarsa da ke titin Acme a Ogba, da injunan Perkins na Ingila. Haɗa janareta ya kawo buƙatar rumfar ƙarfe mai rage ƙara, sai aka buɗe sashen yanka ƙarfe da lanƙwasa shi da fenti. Wanda ya iya ƙera rumfar janareta kuma bai yi nisa da ƙera jikin fanel ba. Haka kamfanin ya shiga haɗa akwatunan lantarki da kayan ABB, wanda shi ma an samar da shi ne a 1988 daga haɗewar ASEA na Suwidin da Brown Boveri na Suwizalan. Daga baya Mikano ya faɗaɗa har zuwa haɗa motoci.

Sai dai ya kamata a fahimci ma'anar kalmar ƙerawa a nan. Abin da ake yi a gida shi ne zane, da jikin akwatin, da jera sandunan jan ƙarfe masu ɗaukar wuta, da ɗaura ɗaruruwan wayoyi kowace da lambarta, da gwaji. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a nan gwanintar ma'aikaci ke bayyana. Amma makatsan wuta, da na'urorin tayar da inji, da ƙaramar kwamfutar da ke ba da umarni, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 domin masana'antar motoci, galibinsu daga waje suke zuwa, daga kamfanoni irin su Schneider Electric da Siemens da ABB, ko daga China. Shi ya sa lokacin da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, farashin fanel ya bi dala, ko da an haɗa shi a Ogba.

Tsadar ta buɗe ƙofa ga kayan jabu. Makatsin wuta na jabu kamanninsa ɗaya da na gaske, kuma yana iya yin shekara ba a gane ba, domin ba a sanin amfaninsa sai ranar da waya ta yi zafi ya ƙi katsewa. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, NEMSA kuma ke duba aikin haɗa wuta kafin a kunna. Manyan kamfanoni suna bin ƙa'idar duniya ta IEC 61439. Matsalar ta fi yawa a ƙasa, wajen ƙananan masu haɗawa da ke yi wa gidajen burodi da masu niƙa da masu ruwan leda aiki, inda mai saye yakan tambayi farashi kafin ya tambayi nauyin da akwatin zai iya ɗauka.

Ga matasan Agege, sana'ar tana bakin ƙofa, amma tana da sharaɗi. Ba ta koyuwa da kallo kaɗai kamar sauran aikin hannu. Sai mutum ya iya karanta zanen wayoyi da lissafin nauyin wuta, abin da kwalejojin fasaha irin ta Agidingbi da ke Ikeja da Kwalejin Fasaha ta Yaba ke koyarwa. Kasuwar kuma tana ƙara faɗi. Tun da aka ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilu na 2024, ga tsadar man dizal, masana'antu da dama sun juya ga iskar gas da hasken rana. Ginin da a da yake da hanyoyin wuta biyu yanzu yana iya samun uku ko huɗu, kuma dole ne a sake zana akwatin da zai zaɓi wadda za ta yi aiki a kowane lokaci.