Sa'ad da Aka Ce Ba Ka Cikin Waɗanda Za a Ɗauka

Yau za mu yi magana a kan wani baƙin ciki da ba a cika faɗarsa ba. Mutum yana fama da ciwon jijiya, ya ji ana gwajin sabon magani, ya sa rai, ya kai kansa. Sai likita ya ce masa bai cancanta ba.

Bari mu ɗauki misalin cutar ALS, wadda take kashe jijiyoyin da suke motsa jiki. Hannu da ƙafa sukan raunana, sa'an nan magana da haɗiya, daga baya numfashi. Ita ce ta kama masanin nan na Ingila, Stephen Hawking, a 1963. Ya rayu da ita har 2018, amma yawancin masu ita ba su wuce shekara 2 zuwa 5.

Me ya sa ake ƙin wasu? Gama masu gwaji suna neman mutanen da ciwonsu ya yi kama da juna, domin su gane ko maganin ne ya yi aiki. A wani gwajin maganin edaravone a Japan, mutum 137 aka ɗauka, waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 2 ba, numfashinsu kuma yana da ƙarfi. Gane cutar kuwa yakan ci wajen shekara guda, don haka da yawa lokaci ya ƙure musu tun ba su ji labarin gwaji ba. Maganin tofersen, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, na masu lahani ne a ƙwayar gado ta SOD1, wato wajen mutum 2 cikin 100 na masu cutar. Ashe, ƙa'idar gwaji ce ta hana ka, ba laifinka ba ne.

To, yaya za mu yi? Da fari mu tuna gwaji tambaya ce da ba a san amsarta ba tukuna. Wasu da aka ɗauka, abin da ba magani a ciki ake ba su domin kwatanci. Maganin Relyvrio ma, an amince da shi a 2022, amma aka janye shi a 2024 da babban gwaji ya nuna ba ya taimako.

Na biyu, mu tambayi likita dalilin ƙin, da ko akwai wani gwajin mai ƙa'ida dabam. A Amurka an kafa doka a Disamba 2021 domin taimaka wa waɗanda ba su cancanci gwaji ba su sami magungunan da ake gwadawa.

Na uku, kada mu rena abin da yake hannu. Riluzole, wanda aka amince da shi a 1995, yakan ƙara 'yan watanni. Na'urar taimakon numfashi takan ƙara kwana, bututun abinci kuma yakan hana rama.

Mu kuma da muke lafiya, kada mu hanzarta cewa "yi haƙuri" mu tashi. Mu zauna, mu bar ɗan'uwanmu ya yi kukansa, mu karɓi mai jinya ko na yini ɗaya ya huta. Wannan kam ba ya bukatar izinin likita.

Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.