Horon Kare a Gidan Ubangidansa da Sauran Hanyoyin Horo

A ƙasashen Turai da Amurka, inda kare ya ke kwana ɗaki ɗaya da mutane, horar da karnuka sana'a ce mai zaman kanta, kuma manyan hanyoyinta uku ne. Ta farko, mai horo ya zo gidan mai kare ya yi aikinsa a nan. Ta biyu, a tara karnuka da masu su wuri ɗaya kamar aji, yawanci sau ɗaya a mako. Ta uku kuwa, a kai kare gidan mai horo ya zauna can 'yan makonni, sa'an nan a komo da shi. Masu sana'ar su kan yi gardama a kan wadda ta fi, kuma gardamar ba ta banza ba ce, gama karen da bai horu ba ya kan ciji yaro, ko masu shi su gaji su rabu da shi. Abin da za mu nuna a nan shi ne, kowace hanya da abin da ta ke koyarwa, saboda yadda kare ya ke riƙe darasi.

Tun daga binciken Ivan Pavlov na ƙasar Rasha, wanda ya sami lambar Nobel a 1904, an san kare ya kan haɗa abu biyu a ransa in sun saba zuwa tare. Amma fa ba kalma kaɗai ya ke haɗawa da aiki ba, har da wurin, da muryar mai magana, da tsayuwarsa. Saboda haka karen da ya koyi zama a cikin ɗaki, in an ce masa ya zauna a bakin titi, sai ya yi kamar bai taɓa ji ba. Har wa yau B. F. Skinner na Amurka ya nuna lalle lada ta biyo bayan aiki nan take, in ta yi jinkiri dabba ba ta gane abin da a ka saka mata a kansa. Watau wanda ke tare da kare sa'ad da ya yi abu, shi ne malaminsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga nan amfanin horo a gida ya fito fili. Yawancin laifin da a ke kuka da shi a gida ya ke faruwa, kamar haushin baƙo a bakin ƙofa, da fitsari a ɗaki, da tauna takalma, da kuka in an bar shi shi kaɗai. Mai horo ya kan ga abin da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Sau da yawa sai ya tarar maigida yana hana kare hawa kujera, yara kuwa suna kiransa ya hau. Don haka rabin aikinsa koya wa mutanen gida ne, su daidaita bakinsu. Aibin wannan hanya biyu ne: tana da tsada, tun da malami ɗaya ne ga kare ɗaya, kuma kare ba ya gamuwa da 'yan'uwansa.

Wannan giɓi shi aji ya ke cikewa. A Amurka, Helen Whitehouse Walker ta shirya jarrabawar biyayyar karnuka ta farko a 1933, kuma irin waɗannan jarrabawa su su ka yaɗa azuzuwan. Daga baya John Paul Scott da John Fuller, cikin littafinsu na 1965, sun bayyana cewa daga mako 3 zuwa kamar mako 12 na haihuwa ne kwikwiyo ya fi saurin sabo da mutane da dabbobi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A kan haka Ian Dunbar ya buɗe ajin 'yan kwikwiyo a Kalifoniya a 1982. A aji kare ya kan koyi jin maganar ubangidansa cikin hayaniya, kuɗin kuma da sauƙi. Sai dai kare matsoraci ko mai cizo, taro ƙara masa ciwo ya ke yi, malami kuma hankalinsa a rabe ya ke.

Hanya ta uku an daɗe a na bin irinta a aikin 'yan sanda da soja. Konrad Most na Jamus ya wallafa littafinsa na horon karnukan aiki a 1910, kuma a 1916 a ka buɗe makaranta a Oldenburg don horar da karnuka su yi wa sojojin da su ka makance a yaƙi jagora. Aiki mai wuya irin wannan sai gwani, kullum kuma a na maimaitawa. Amma ga karen gida akwai haɗari biyu. Ya kan dawo yana bin maganar mai horo, ta ubangidansa kuwa ko oho, in ba a koya wa ubangidan ba. Kuma mai kare ba ya ganin abin da a ke yi wa dabbarsa a bayan idonsa. Waɗansu su kan yi amfani da abin wuya mai jan lantarki, wanda ƙasar Wales ta haramta tun 2010.

Makarantun karnukan jagorar makafi, inda kuskure ɗaya ya isa ya hallaka mutum a kan titi, ba su zaɓi hanya ɗaya ba. Makarantar The Seeing Eye, wadda Dorothy Eustis da Morris Frank su ka kafa a Amurka a 1929, ta kan ba wani iyali kwikwiyo yana da kamar mako 8, ya yi shekara guda ko fiye a gidansu, suna fita da shi cikin jama'a. Sa'an nan ya koma makaranta wajen wata 4 a hannun gwani. Daga ƙarshe makahon da kansa ya zo ya zauna kimanin mako 3 yana koyon aiki da karen. Clarence Pfaffenberger, wanda ya yi aiki da wata makarantar irin wannan a Kalifoniya, ya lura cewa 'yan kwikwiyon da a ka bari a keji su ka wuce mako 12 ba a kai su gidan mutane ba, sun fi sauran faɗuwa a horo.

To, ashe tambayar da ta kamaci mai kare ita ce, me ya ke so karensa ya koya, a ina kuma zai yi aiki da shi. Ladabin gida a gida a ke koyonsa, sabo da jama'a sai cikin jama'a, aikin gwaninta kuwa sai hannun gwani. Kowace hanya a ka bi, tilas a horar da mai karen tare da karensa, gama shi ne zai zauna da shi bayan mai horo ya tafi.