Malamin da Ya Sa Hausa a Darasin Turanci Ba Gazawa Ya Yi Ba

Na gaji da jin wata magana a bakin ɗaliban sashen Turanci na jami'o'inmu: wai duk malamin da ya jefa Hausa cikin lacca, Turancin ne ya ƙare masa. Abin haushi, masu wannan magana su za ka tarar da yamma a gindin bishiya, sun kewaye ɗan ajinsu yana warware musu laccar da Hausa tsantsa.

Tun firamare aka dasa musu wannan tunani, inda monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a zane shi. Yaro ya taso yana jin kunyar harshen da yake tunani da shi, har ya zo jami'a ya gwammace ya faɗi jarrabawa da a ji shi yana tambaya da Ingausa.

To, surka harsuna ba alamar rauni ba ce. A 1980 Shana Poplack ta wallafa nazarinta kan 'yan asalin Puerto Rico mazauna New York, inda ta gano waɗanda suka fi ƙwarewa a Sifaniyanci da Turanci su suka fi sauya harshe a tsakiyar jimla, ba tare da sun karya nahawun kowanne ba. A nan Najeriya ma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci yana darasi ɗaya cikin darussa, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Masu ƙorafin suna da gaskiya wuri guda: ɗalibai da yawa ba sa jin Turanci sai a aji, kuma da Turanci za su rubuta jarrabawa.

Saboda haka, malam, ka ajiye Hausa don inda aka cije, kamar bambancin lokutan aikatau ko ma'anar wani baiti mai sarƙaƙiya. Jimla biyu sun isa, sai ka maimaita bayanin da Turanci. Ka kuma dubi ajin tukuna: a Zariya ko Jos akwai Bayarabe da Tibi da ɗan Ibo, kada ka bar su suna kallon bakinka. Kai kuma ɗalibi, in Turancin ya maƙale, yi tambayarka da Hausa, amma kafin ka zauna ka roƙi malam ya faɗa maka yadda ake yin ta da Turanci, ka rubuta a bayan littafinka.