Idan kai ne marubuci kuma mawallafi, wa zai gyara maka littafi?

Wanda ya rubuta "ya kasa" a wurin da yake nufin "ya ƙasa" ya sauya ma'ana da ƙugiya ɗaya tak. Haka "bata" da "ɓata", ko "kafa" da "ƙafa". A waya ana iya gogewa a gyara. Amma idan littafi ya fito daga maɗaba'a ya shiga kasuwa, kuskuren ya zauna ke nan, da sunan marubucin a bango.

Wannan ne ƙalubalen marubutan da ke buga littattafansu da kuɗinsu, ko suke sayar da su babi-babi ta WhatsApp da Wattpad: babu kamfanin da zai tace musu.

Yadda aka faro

Ƙagaggun labaran Hausa na boko da edita suka fara. A gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma sai da suka bi ta hannun East kafin a buga su. A 1936 Imam ya koma Zariya ya yi aiki da shi a kan Magana Jari Ce.

Daga shekarun 1980, da kamfanoni suka ja baya, marubuta irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka ɗauki ragamar buga littattafai da kansu. An samu 'yanci da ɗimbin masu karatu, amma nauyin tacewa ya dawo wuyan marubuci. Shi ya sa ƙorafin da manazarta suka daɗe suna yi kan Adabin Kasuwar Kano bai rasa nasaba da ƙa'idojin rubutu ba.

Gyara iri uku ne

Na farko shi ne gyaran ginin labari. A nan edita zai ce tauraruwar da aka aurar a babi na huɗu ta dawo budurwa a babi na tara, ko kuma shafuka talatin na farko ba su ƙara komai ba.

Na biyu gyaran harshe: maimaici, jimlar da ta karye, da rabon kalmomi, kamar "yana" maimakon "ya na", da "shi ne" maimakon "shine".

Na uku duban ƙarshe, bayan an tsara shafuka, don kamo kurakuran bugu.

Jerin yana da muhimmanci. Wanda ya biya aka gyara masa ƙugiyoyi, sannan ya sake rubuta rabin labarin, ya yi asarar kuɗinsa.

Kafin ka tura rubutunka

Ka kammala littafin, ka ajiye shi 'yan makonni, ka sake karantawa da babbar murya. Sannan ka ba editan babi ɗaya gwaji, ka ga ko hannunsa ya dace da naka.

Ku rubuta yarjejeniya ko da ta saƙon waya ce: wane irin gyara, nawa ne, yaushe zai gama, sau nawa zai duba, da kuma cewa ba zai tura wa kowa rubutun ba. Manhajar Word tana nuna kowane sauyi da launi, don haka ka nemi a yi aikin ta yadda za ka amince ko ka ƙi.

Wa ke da ta cewa?

Marubuci. Edita shawara yake bayarwa, ba hukunci ba. Idan tsohuwar labarinka Basakkwatiya ce, kada ka bari a mayar da maganarta Kananci da sunan daidaitacciyar Hausa. Muryar mai ba da labari ce ke bin ƙa'ida.

Sai dai a kula: idan edita ya ce bai fahimci wani wuri ba, kada ka tsaya yi masa bayani. Mai karatu a Gusau ko Damagaram ba zai same ka ya tambaya ba. Koma ka gyara shafin.