Kafin a ce maka famfo ya mutu: abin da ke hana Hilux mai gas ja

Matasa da yawa yanzu da a-kori-kura suke ci, wasu direbobin haya ne, wasu kuma yaran gareji. Duk wanda ke tuƙa Hilux mai shan gas ya san wannan ciwon: da safe sai an daɗe ana murɗa makulli kafin ta tashi, a hawan tudu ka take totur har ƙasa amma ta ƙi ja, wani lokaci ma ta mutu da lodi a kanta. Da an kai ta gareji, maganar farko da ake ji ita ce "famfo ne". To famfon nan da injektoci su ne mafi tsada a hanyar mai gaba ɗaya, kuma sau da yawa ba su ne masu laifin ba.

Injinan da Toyota ke kira D-4D, irin su 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0, da 1GD mai lita 2.8 da ya zo a 2015, ba kamar tsohon 5L ba ne. Famfo ne ke zuƙo gas daga tanki ta cikin filta, ya matse shi cikin wani bututun ƙarfe guda ɗaya da ke ciyar da injektoci huɗu. Matsin da ke cikin bututun, wanda kanikawa ke ce wa firesha, yakan wuce ba 1,500 idan mota na aiki sosai. Da kwamfutar motar ta ga bai kai yadda take so ba, sai ta kunna fitila a dashbod, ta rage ƙarfin injin. Idan aka jona na'urar bincike, lambar da aka fi gani ita ce P0087.

Lambar nan fa ba ta ce famfo ya lalace ba. Cewa kawai ta yi matsi ya yi ƙasa.

Don haka daga mai arha ake farawa, wato filta. Gas ɗin 'yan bumburutu da ya kwana a durom mai tsatsa, ga ƙurar hunturu, ai ba a daɗewa filta take toshewa. A ƙasanta akwai wurin da ruwa ke taruwa, a kwance shi a tsiyaye a cikin kwalba mai haske a duba. A samanta kuma akwai ɗan famfon hannu. Idan ka danna ya shige bai dawo ba, wani abu ya toshe hanya. Idan kuma kana ta dannawa ya ƙi yin tauri, iska na shiga ta wani wuri, ko tiyo ya tsage ko robar murfin filta ta saki. Ɗan guntun tiyo mai haske da za a sa tsakanin filta da famfo ya isa ya nuna kumfa.

Sai wani ɗan bawul da ke jikin famfon, SCV, wanda ke ƙayyade yawan gas ɗin da zai shiga. Datti kaɗan kan sa ya riƙa maƙalewa, mota ta riƙa fizga ko ta mutu ba gaira ba dalili. Shi kaɗai ake iya cirewa a canza, kuma ana neman sa a wuraren kayan gyara irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A ganina nan ne ake yawan yin asara, a sayi famfo sukutum alhali wannan ɗan abin ne ya gaji.

Injekta ma idan ta sha aiki takan riƙa mayar da gas da yawa zuwa tanki, matsi ya zube. Gwajinsa ba wuya: a haɗa kowace da 'yar kwalbarta, a tayar da mota, wadda kwalbarta ta riga sauran cika ita ce abin zargi. Bakaniken da ya ce a canza duka huɗun bai yi wannan gwajin ba, gaskiya ka tambaye shi dalili.

Yaran gareji kuma, don Allah a bar al'adar sassauta bututun injekta mota na aiki don fitar da iska. A tsohon inji an saba yi, amma a wannan, feshin gas ɗin na iya huda fata ya shiga nama.

Akwai lokacin da famfon ne da gaske. Idan aka yanka filta aka ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli, cikinsa ya fara cin kansa, kuma gas da aka gauraya da kananzir ko ruwa na jawo hakan, don gas ɗin ne ke sa wa famfon santsi. A nan canza famfo kaɗai bai isa ba, sai an sauke tanki an wanke, an wanke bututai, an gwada injektoci, in ba haka ba ɓurɓushin da ya rage zai cinye sabon ma.